Daga Bagega Zuwa Zauren Lakca: Me Kemistirin Ajin Farko Zai Tsinana wa Ɗalibin Lafiya?

Sharhin na yau ya leƙa jami'o'i ne, ya tsaya a kan wani darasi da dubban ɗalibai ke shiga kowace shekara suna gunaguni.

Duk ɗalibin da ya sami gurbin karatun likitanci, ko aikin jinya, ko harhaɗa magunguna, ko ilimin halittu, ko kimiyyar muhalli, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ne, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ko ta Maiduguri, sai ya fara ratsawa ta kimiyyar sinadarai, wadda ɗalibai ke kira kemistiri. A manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta tsara, kwasa-kwasan su ne CHM 101 da CHM 102. Takwarorinsu na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi su ma ta nan suke bi, sai dai da Faransanci. A bakin da yawa daga cikinsu magana ɗaya ce: "Ni da na zo koyon duba marar lafiya, ina ruwana da lissafin ƙwayoyin zarra?" Sai su haddace, su tsallake kari-oba, su watsar.

Amsar wannan tambaya tana Jihar Zamfara.

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar yara ƙanana suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, shiru. Sai da aka gwada jinin yaran sannan gaskiya ta fito: gubar dalma ce. Farashin zinare ya tashi a duniya, mazauna ƙauyukan suka riƙa kwaso duwatsun ma'adinai suna kawowa gida, ana niƙa a inji, ana daka a turmi a tsakar gida, ba su san dutsen cike yake da dalma ba. Ƙurar ta sauka a ƙasan da yara ke rarrafe, ta sauka a kan hatsi da kwanukan abinci. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu.

Me ya sa jiki ke karɓar dalma, ba ya tunkuɗe ta? Wannan darasin makonnin farko ne na CHM 101, inda ake koyar da jadawalin sinadarai da Dmitri Mendeleev ya tsara a 1869, da yadda ƙwayoyin zarra ke ɗaukar cajin lantarki. Dalma idan ta narke a jiki tana ɗauke da caji biyu, daidai da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi yana kuma isar da saƙo a jijiyoyi. Jiki sai ya rikice, ya buɗe mata hanyoyin da ya tanada domin kalsiyam. Ta haka take shiga ƙashi, ta kutsa ƙwaƙwalwa, ta kuma ture zinki daga wani muhimmin sinadari da ke aikin haɗa jini. Jikin yaro da ke girma yana matuƙar neman kalsiyam, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hanjin yaro na tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsa.

Maganin da aka ba yaran, DMSA, shi ma darasin aji ne. A jikin kowace ƙwayarsa akwai zarra biyu na salfa, wato farar wuta, kuma dalma na da tsananin son salfa. Sai maganin ya damƙe ta, ya fitar da ita ta fitsari. Ba kowane yaro aka ba ba. Sai wanda dalmar jininsa ta kai maikurogiram 45 a kowace desilita. Nas ɗin da ba ta gane wannan ma'auni ba, ba za ta iya karanta takardar gwajin ba, balle ta san wanda za a fara ceta.

Kuma magani kaɗai bai isa ba, domin yaron da aka sallama gidan da gubar take zai koma. A nan masana muhalli suka shigo. Suka auna ƙasar gidajen, a wasu wurare suka sami dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sanya wa ƙasar da yara ke wasa a lokacin kashi 400 ce. Aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa, ana binne ta a rami, ana zuba sabuwa. Bagega, wanda ya fi sauran ƙauyukan girma, sai a 2013 aikin ya isa gare shi. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. A duka wuraren biyu, likita da nas da mai gwajin jini da masanin ƙasa sun iya aiki tare ne saboda sun fahimci lambobin juna, kuma a ajin farko aka koya musu waɗannan lambobi.

Abu na biyu da wannan kwas ke cusa wa ɗalibi shi ne cewa tambayar "menene a ciki?" ba ta cika sai an bi ta da "nawa ne a ciki?"

Mutanen Tibiri, kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, sun ɗanɗana ɗacin wannan. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000, garin na shan ruwan wata rijiyar burtsatse, ruwa garau, ba wari, ba ɗanɗano. Ashe fuloraid ya yi masa yawa. Wannan sinadari shi ne ake sa wa man goge baki domin ya kare haƙori daga ruɓewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha. Na Tibiri ya ninka haka. Ɗaruruwan yara suka tashi da haƙora masu dabbare-dabbare da ƙafafu a tanƙware, nakasar da ba ta warkewa. Gwajin da zai gano wannan tun farko bai fi ƙarfin ɗalibin da ya riƙe darasinsa ba.

Domin a iya amsa tambayar "nawa", masana sinadarai suna da ma'auninsu, wanda suke kira mol, kuma a kansa ɗalibai suka fi tuntuɓe. Amma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar goro ya san tushen abin. Ƙwaryar goro ɗari ce, manya ne ko ƙanana. Lissafin ɗaya, nauyin ne ya bambanta. Haka mol yake, sai dai adadinsa ya wuce tunani: kimanin lamba 6 da sifiri 23 a bayanta. Mol ɗaya na gishirin miya giram 58 da ɗoriya ne, mol ɗaya na sukarin gulukos giram 180 ne, amma adadin ƙwayoyinsu ɗaya. Jikin ɗan Adam kuwa da adadin ƙwayoyi yake aiki, ba ruwansa da nauyi.

Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa a kan wannan lissafi aka gina shi. A 1960 wani masani Ba'amurke, Robert Crane, ya bayyana cewa hanji na tsotse sodiyam da gulukos ne tare, kuma ruwa na bin bayansu ya shiga jiki. A 1971, lokacin yaƙin Bangladash, wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya ga kwalara na kashe 'yan gudun hijira ga shi ƙarin ruwa ya ƙare, sai ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a manyan durom ana ba su, mace-mace suka ragu matuƙa. Ƙunshin ORS na yau, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi, yana ɗauke da gulukos giram 13.5 domin lita ɗaya. Ɗalibi ya raba 13.5 da 180, zai sami milimol 75, daidai da milimol 75 na sodiyam da ke cikin haɗin. Idan uwa ta dama ƙunshin a rabin lita, gishirin ya ninka, zai iya cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Idan aka cika sukari, sai ya jawo ruwa daga jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. Ma'aikaciyar lafiyar da ta gane dalilin za ta tsaya ta nuna wa uwar girman mazubin da za ta yi amfani da shi. Haka ledar ƙarin ruwa da ke rataye a kowane asibiti: 0.9 cikin ɗari da aka rubuta a jikinta na nufin giram 9 na gishiri a lita, adadin da ba zai sa ƙwayoyin jini su kumbura su fashe ba, ba kuma zai sa su yanƙwane ba.

Daga nan kwas ɗin kan shiga batun tsami da kishiyarsa, wanda ake aunawa da ma'aunin pH da wani ɗan ƙasar Denmak, Sørensen, ya ƙirƙiro a 1909. Ma'aunin ya tashi daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa da toka ne, kuma tsakanin kowace lamba da mai bi mata ninki goma ne. Matan Hausawa sun daɗe suna sarrafa wannan a madafi. Mai miyar yakuwa na jefa 'yar kanwa ta kashe tsami. Ruwan zoɓo ja wur, idan aka sa masa kanwa sai ya yi duhu, idan aka matsa masa lemon tsami jan ya dawo.

Jinin mutum mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45, tazara 'yar ƙanƙanuwa, kuma fita daga cikinta da nisa mutuwa ce. Abin da ke tsare shi a nan shi ne daidaiton da ke tsakanin iskar kabon da huhu ke fitarwa da baikabonet da ƙoda ke adanawa. Mai ciwon sukarin da ciwonsa ya tsananta, jininsa ya yi tsami, za a ga yana jan numfashi mai zurfi da sauri. Wanda bai sani ba zai ce ƙirjinsa ne ya toshe. Likitan da ya riƙe dokar daidaito ta Le Chatelier, wadda aka koya masa a zangon farko, ya san huhun lafiya lau yake, jiki ne ke fitar da iskar kabon domin ya rage tsamin jini. Ma'aunin pH ɗin nan dai shi ke aiki a gona. Takin yuriya, wanda kashi 46 cikin ɗarinsa naitirojin ne, idan aka watsa shi a saman busasshiyar ƙasa, wani ɓangarensa kan zama iskar amoniya ya bi iska, shi ya sa malaman gona ke cewa a binne shi. Gonar da aka shekara da shekaru ana zuba mata irin wannan taki ba tare da na gargajiya ba kan yi tsami, kuma idan ta sauka ƙasa da 5.5, saiwar shuka na shan wuya wajen samun fosfaros.

Wanda ke son ganin darasi na gaba da idonsa, ya je marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Marini zai tsoma farin ƙyalle a ruwan baba da toka da ya kwana da kwanaki yana ruɓa, ya ɗago shi yana kore-kore, kafin a jima ya rikiɗe ya zama shuɗi a hannunsa. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ramin ne ke ba shi ilektiron har ya narke ya shiga zare, da ya haɗu da iskar oksijin sai ta karɓe su, ya koma shuɗinsa ya maƙale. Wannan musayar ilektiron ita ke tafiyar da numfashi da ciro kuzari daga abinci a kowace ƙwayar halitta. Ƙarfen da ke cikin himoglobin, sinadarin da ke ba jini launin ja, sai yana da caji biyu yake iya ɗaukar oksijin. Ya rasa ilektiron ɗaya tak ya koma caji uku, ya daina. Ruwan rijiyar da taki ko masai ya tsiyayo masa naitiret fiye da miligiram 50 a lita na iya jawo wa jariri haka, leɓɓansa su yi shuɗi. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai suna amfani da kuromiyam mai caji uku, wanda haɗarinsa kaɗan ne idan aka gwada da mai caji shida da ke haddasa sankara. Jami'in muhallin da zai auna ruwan da ke fita daga waɗannan wurare dole ya san wanne daga cikin biyun yake nema.

Himoglobin ɗin nan kuma shi ne bayanin mutuwar iyalai da ake ji a labarai, waɗanda suka kwana da janareto a soro ko da gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana riƙe himoglobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200.

Zango na biyu, CHM 102, kan sinadaran da aka gina da kabon yake, kuma saƙonsa shi ne siffar ƙwaya ita ke yanke aikinta. Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu cutar sikila, inda aka ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a shekara. A 1949 Linus Pauling, masanin sinadarai, ya nuna cewa himoglobin na masu sikila daban yake da na sauran mutane. Bayan 'yan shekaru Vernon Ingram ya gano inda bambancin yake: a cikin sarƙa mai tubala 146, tubali na shida ne kawai ya sauya, balin ya maye gurbin gulutamik. Gulutamik na jituwa da ruwa, balin kuwa gudun ruwa yake. Saboda haka da zarar oksijin ya yi ƙaranci, sai ƙwayoyin himoglobin su manne da juna su yi dogayen sanduna, ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashin da ke hana yaro barci daga nan ya samo asali, haka ma shawarar da ake ba iyaye ta yawan ba shi ruwa da kare shi daga sanyi.

A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara 84 suka rasu a Najeriya bayan shan maganin fitar haƙori mai suna My Pikin. Hukumar NAFDAC ta gano an haɗa shi da dayetilin gilaikol maimakon furofilin gilaikol. Dukansu ruwa ne mai kauri, marar launi, mai ɗan zaƙi, ido ba ya raba su. Amma na farkon idan ya isa hanta sai ya zama wani asid da ke kashe ƙoda. Irin wannan ya faru a 1990, inda yara fiye da 100 suka mutu a ƙasar, ya kuma sake faruwa a Gambiya a 2022, yara kimanin 70 suka tafi. Mai harhaɗa magungunan da ya san siffar ƙwayoyin nan biyu ba zai karɓi durom don abin da aka rubuta a jikinsa ba, sai ya gwada.

To, in dai darasin na da wannan nauyi, me ya sa ɗalibai ke gudunsa? Laifin ba nasu kaɗai ba ne. Da yawa sun fito daga sakandaren da ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, sun haddace littafin Ababio sun ci JAMB. A jami'a sai a tara ɗaruruwansu a zaure ɗaya, mai son injiniyanci da mai son aikin ungozoma, na baya ba ya jin muryar malami. Misalan kuma na narka tama da tace man fetur ne, waɗanda ke da amfani ga wasu, amma ba sa taɓa zuciyar wadda za ta ƙare a ɗakin haihuwa. A ɗakin gwaje-gwaje, ɗalibi ɗaya ke ɗiga ruwan, sauran na leƙe ta bayan kafaɗarsa suna kwafar sakamako.

Gyaran bai fi ƙarfin jami'o'in ba. Sassan kemistiri na iya ware wa ɗaliban lafiya da halittu da muhalli rukuninsu, a zauna da malaman asibitin koyarwa da na aikin gona a tsara misalai, ba tare da an rage wa darasin zurfi ba. Ranar da za a koyar da caji, a fara da Dareta. Ranar mol, a shigo da ƙunshin ORS da ledar ƙarin ruwa. A jarrabawa a ba ɗalibi nauyin yaro da ƙarfin magani, a ce ya fitar da adadin da za a ba shi. Zoɓo da kanwa da lemon tsami sun isa gwajin pH na farko, kuma kowane ɗalibi na iya kawo ruwan rijiyar unguwarsu a auna tare. Manyan ɗalibai da ke koyar da ƙannensu da yamma, su saki jiki su yi bayani da Hausa inda Turanci ya cije. Asusun TETFund, da ke gina wa jami'o'i zauruka, ya kamata ya ba sayen sinadarai da sikeli da horar da ma'aikatan ɗakin gwaji irin wannan muhimmanci, domin gini babu kayan aiki ba ya koyar da kowa.

Ga ɗaliban kuwa, aikin a bayyane yake: su riƙa warware lissafin mol da hannunsu kullum har ya zauna, su rubuta ma'auni a gefen kowace lamba, miligiram ne ko maikurogiram, domin tsakaninsu ninki dubu ne, kuma su adana littattafan ajin farko, za su neme su idan aka shiga darasin sinadaran jiki da na magunguna a aji biyu da aji uku.

A nan sharhin na yau ya tsaya.